Ina son aure, ina son aikina: ku ba ni shawara tsakani da Allah

Dakta 'Yar Gwale

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karanta na kowa ba na cewa uffan, yau dai tura ta kai bango.

Shekarata 29. Likita ce ni, ina shekara ta biyu a horon ƙwarewa ɓangaren mata da haihuwa a wani asibitin gwamnati. Na shiga jami'a a 2014. Karatun da ya kamata ya ƙare a shekara shida, korona da yajin aikin ASUU na 2020, wata tara cur, suka ja shi har 2021. Daga nan shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, shekara ɗaya ta bautar ƙasa, sai jarrabawar share fage, sai zaman jiran gurbi. Yanzu in Allah ya yarda na ci jarrabawar kashi na ɗaya da na biyu ba tare da maimaici ba, nan da shekara huɗu ko biyar zan zama cikakkiyar ƙwararriya.

Akwai wanda muka yi shekara biyu muna tare. Mutumin kirki ne, ba zan ci naman sa ba, yana da shago a Kantin Kwari, yana riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa. Tun ranar farko na gaya masa yadda aikina yake: kwanan asibiti sau biyu ko uku a mako, wani lokaci har ranar Sallah. Ya ce shi abin alfaharinsa ne. Da manya suka shiga maganar, ana shirin sa rana, sai ga yayarsa ta zo gidanmu wai gaisuwa. Muna zaune a ɗakin Umma ta ce, da ma bayan biki ai sai Dakta ta koma ɗan asibitin sha-ka-tafi na safe zuwa azahar, don gidansu ba su saba mace ta kwana a waje ba. Da na kira shi na tambaye shi, sai ya ce ai ya ɗauka na san da ma haka za a yi, wace mace ce za ta yi aure ta ci gaba da kwana a asibiti?

A horon da nake yi babu wannan zaɓin. Ko ka yi kwanan, ko ka bar horon gaba ɗaya.

Umma ta ce in yi haƙuri in karɓa, bayan an haihu ɗaya biyu zai sauko da kansa. Ƙanwata da nake ba shekara biyar 'ya'yanta biyu. Duk bikin da na je sai wata gwaggo ta ja ni gefe ta ce boko ba ya ƙarewa amma ƙuruciya tana ƙarewa. Wallahi ina son aure, ina son in ga ɗana a hannuna. Ba na cikin masu cewa ba sa buƙatar namiji. Amma shekara goma sha ɗaya na zuba a kan hanyar nan, kuma ina son aikin har cikin raina.

Tambayata biyu ce. In karɓa bisa fatan zai canja? In kuma na haƙura da shi, ta yaya ake gane namijin da goyon bayansa na gaske ne, ba na lokacin zance ba?

Maman Sadiq

Wa alaikumus salam Dakta. Allah ya zaɓa miki mafi alheri. Kin yi istihara? Sannan Abbanku me ya ce? Don duk labarin nan Umma kawai kika ambata.

Dakta 'Yar Gwale

Abba ya rasu ina aji uku a jami'a, Allah ya jiƙan sa. Baffana ne waliyyina, shi kuma bai ji wannan maganar ba tukuna. Istihara ina kan yi.

Abban Hanif

Allah ya jiƙan Abba. Ƙanwata, bari in faɗi abin da mata da yawa a nan ba za su so ji ba. Mutumin nan bai yi laifi ba. Namiji yana aure ne don ya samu natsuwa, ya dawo daga kasuwa ya tarar da iyalinsa. Wanda ya wuni a Kwari tun safe yana fama da masu saye da masu bashi, ya dawo gida ya tarar da kwaɗo a ƙofa dare uku a mako, me ya aura ke nan? Allah ya ɗora masa ci da sha da sutura da muhalli, bai ɗora miki ko sisi ba. To tunda ya ce zai ɗauki nauyinki, bai ma ce ki zauna a gida ba, asibitin rana ya ce, ni ina ganin ya yi adalci.

Kuma ku daina raina maganar iyaye. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na san mata a unguwarmu da suka ce sai sun gama digiri na biyu, sai na uku, yau suna neman arba'in, masu zuwa sai masu mata biyu da uku. Takarda ba ta yi wa mutum jinya ran da ya kwanta.

Hajiya Nas Mai Ritaya

Abban Hanif, ɗana, na ji maganarka, akwai gaskiya a ciki, amma bari in tambaye ka. Ranar da Maman Hanif ta tashi haihuwa, in naƙuda ta zo da gardama ƙarfe biyu na dare, wa kake so ka tarar a ɗakin haihuwa, mace ko namiji? Na san amsarka, don shekara 35 na yi ina jin ta daga bakin maza. Sai mutum ya kawo matarsa jina-jina, ya tsaya a bakin ƙofa yana rantsuwa namiji ba zai taɓa masa mata ba. To macen da kake so ka tarar ɗin nan, 'yar wani ce, kuma ko matar wani ce ko wadda wani zai aura. Kowa yana son ya tarar da ita a asibiti, ba wanda yake son ta fito daga gidansa.

'Yata Dakta, ni an yi min aure ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya. Alhaji, Allah ya jiƙan sa, malamin firamare ne, ba mai kuɗi ba. Keke gare shi, daga baya ya sayi Vespa. In ina aikin dare, shi zai kai ni bayan isha'i, ya dawo ya kwana da yara. Lokacin da nake goyon na biyu, ina tuna shi tsaye bayan tagar ɗakin ma'aikata da sanyin hunturu, ya naɗo jaririya a cikin babbar rigarsa, in fito in ba ta nono a kan benci ya mayar da ita gida. Abokansa har suna suka sa masa, wai mijin-ta-ce. Bai taɓa zuwa ya gaya min ba, a bakin matan unguwa na ji.

Ba zan ce miki babu wahala ba. Akwai ranar da na dawo da asuba na tarar babban ɗana ya ƙone da ruwan zafi a hannun 'yar aiki, har yau tabon yana nan a damtsensa, har yau in na gani sai gabana ya faɗi. Wannan ma gaskiya ce, kada wani ya ɓoye miki.

Amma maganar Ummanki ta cewa ki shiga zai sauko daga baya, a nan kam ban bi ta ba, ta yi min haƙuri. Abin da namiji ya ƙi lokacin da yake neman ki, yana rawar jiki a kanki, ba zai yarda da shi ba bayan kin shiga ɗakinsa da ciki wata bakwai. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ki ma gode wa Allah da yayarsa ta yi suɓutar baki tun kafin a kawo lefe.

Ummu Ramla

Hajiya ta gama magana. Ni ce misalin da ake nema.

Na karanta harhaɗa magunguna, na fara aiki ke nan aka yi min aure. A falon gidanmu ya ce min ko ƙasar waje nake son zuwa ƙaro karatu shi zai biya. Daga ni sai shi sai ƙanwata mai kawo ruwa. Wata huɗu da tarewa ya ce in ɗan huta tunda laulayi yana wahalar da ni. Na haihu, na yi arba'in a gida, na dawo, ya ce sai an yaye. Kafin yaye wani cikin ya shiga. Yau shekara tara, lasisina ban sabunta shi ba tun shekara ta biyu. Da na kai ƙara wajen kawuna, tambaya ɗaya ya yi min: wa ya shaida lokacin da ya yi miki alkawarin? Na rasa ta cewa.

Ba na cewa mijina mugu ne. Ba na rasa ci, ba na rasa sutura, 'ya'yana suna makaranta mai kyau. Amma duk ranar da na shiga kantin magani na ga yarinyar da ke bayan kanta tana ba mai hawan jini abin da bai kamata ba, sai in dawo gida in kasa cin abinci. Kuma da mahaifina ya kwanta jinya, sai da na roƙi kuɗin allurarsa a hannun wani, ni da na san sunan allurar da yadda take aiki.

Dakta, duk abin da za a yi, a yi shi a gaban manya, a rubuta.

Malam na Ƙofar Mata

Bismillah. Tunda an zo maganar rubutawa, bari in ɗan yi bayani, don kada a ɗauka takarda kaɗai ta wadatar.

Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa sharuɗɗan da suka fi cancanta a cika su ne waɗanda aka halatta aure da su. Da wannan malaman Hambaliyya suka ce in mace ta sa sharaɗin da yake amfanar ta, bai kuma haramta halal na asalin aure ba, kamar kada a fitar da ita daga garinsu, to ya lizimci miji, in ya saɓa tana da damar neman a raba. Amma mu nan Malikiyya muke bi, kotunan shari'armu ma da ita suke hukunci. A mazhabar Malik irin wannan sharaɗi ba a son sa a cikin ƙulla aure, in kuma an sa, auren ya inganta, ana so miji ya cika, amma ba a tilasta shi. Sai fa in an rataya shi da wani abu, misali miji ya furta a gaban shaidu cewa in ya hana ta aikinta to al'amarinta yana hannunta. Wannan kam yana lizimtar sa. Don haka wadda za ta sa sharaɗi, waliyyinta ya zauna da malami ko alƙalin da ya san fiƙihu a tsara lafazin, kada a tsaya ga "ai ya yi alkawari."

Sai dai ina jan hankali: auren da aka shiga kowa yana riƙe da takarda kamar masu rikicin fili, da wuya a ji daɗinsa. Sharaɗi katanga ce ta ranar da abu ya ɓaci. Abin nema shi ne mutumin da ya yarda da abin a zuciyarsa.

Game da asalin aikin kuwa, Malam Abban Hanif, ba baƙon abu ba ne a addini. Rufaida Al'aslamiyya tana da hema a masallacin Annabi (SAW) tana jinyar masu rauni, can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan an harbe shi a yaƙin Handaƙ. Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi tana jima da ɗinkin fata da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. A ƙasarmu Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, matar Waziri Giɗaɗo ce, da 'ya'yanta, amma ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, tana naɗa jajis, wato jagorori mata, tana ba su malfa suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Kuma malamai sun sanya likitanci cikin farillan kifaya. Al'ummar da take ƙyamar namiji ya duba matanta, wajibinta ne ta samar da mata masu dubawa. An tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Wannan ma yana cikin Bukhari.

Haƙƙin miji yana nan, ban rage masa komai ba. Shi ya sa nake cewa a yi maganar tun yanzu.

Abban Hanif

Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Hajiya, ke uwa ce, tambayarki ta kama ni, don gaskiya da aka yi wa maiɗakina tiyata a haihuwar Hanif mace na roƙa a nemo. Amma ina nan a kan abu ɗaya: ba kowane namiji ne zai iya abin da Alhajinki ya yi ba, kuma wanda ya ce ba zai iya ba, ba azzalumi ba ne. Kada a mayar da yaron nan abin zagi a zauren nan.

Hajiya Nas Mai Ritaya

A nan mun haɗu, ɗana. Ba wanda ya zage shi. Laifinsa ɗaya, ya yi shekara biyu yana cewa e alhali a'a ce a ransa.

Dakta 'Yar Gwale

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Abban Hanif, ni ma ba na so a zage shi, kuma ban raina asibitin rana ba, akwai waɗanda suka fi ni suna yi. Bari in faɗi abin da ya sa na kasa sakin wannan ɓangaren.

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a duk mata huɗu da suke mutuwa a duniya sanadin ciki da haihuwa, fiye da ɗaya 'yar Najeriya ce, kuma kowa ya san abin ya fi tsanani a nan Arewa. Manyan masu kashe su ba ɓoyayyu ba ne: zubar jini bayan haihuwa, jijjiga, doguwar naƙuda, da ƙwayoyin cuta bayan haihuwa. Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda kuma sau da yawa ita ce za ka gani a Babbar Ruga a Katsina ko a Jahun tana jiran aikin yoyon fitsari. Waɗannan abubuwa ba su san safe zuwa azahar ba.

Watan jiya an kawo min wata yarinya da ba ta kai ashirin ba, a bayan a-kori-kura, ta haihu a gida tun magariba mabiyiya ta ƙi fita. Zaninta ya jiƙe har ya yi nauyi, tafin hannunta fari fat kamar takarda. Muka sa ruwa hannu biyu, muka cire mabiyiyar, mahaifa ta ƙi tsukewa, na sa hannu ina murza cikin ina kiran a kawo jini. Wajen ƙarfe huɗu jinin ya tsaya. Da asuba ta buɗe ido ta ce ina jaririnta. Kakarta ta kama hannuna da nata biyun ta kasa magana. Da na fito na duba waya, na tarar mai neman aurena ya kira ni sau tara, da saƙo cewa shi ba ya son a riƙa share shi.

Ina kallon irin su Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero. Tana cikin jagororin binciken E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka fitar da sakamakonsa a 2023. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa a ga adadin jinin da ta zubar da ido, maimakon kintace, sannan a ba ta magungunan gaba ɗaya a tare ba ɗaya bayan ɗaya ba. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Da an ce da ita ta tsaya a sha-ka-tafi, mata nawa ne da ba su kai yau ba?

Baban Biyu

Ni mijin likita ne, shekararmu goma sha ɗaya, ma'aikacin banki ne ni. Dakta, tambayarki ta biyu zan amsa, ta yadda ake gane na gaske.

Kada ki tambaye shi ko zai bar ki ki yi aiki. Kowa zai ce e. Ki tambaye shi ƙananan abubuwa. Ranar da kike kwana, wa zai kai yara makaranta? In Hajiyarsa ta zo daga gida ta tarar ba kya nan, me zai ce mata? Da azumi in kina tiyata aka sha ruwa, a ina zai yi buɗa-baki? In jarrabawarki ta kama a Ibadan ko Legas kina goyon wata biyar, wa zai bi ki ya riƙe jaririn a ƙofar ɗakin jarrabawa? Wanda ya taɓa tunanin abin zai ba ki amsa da sunaye: ƙanwata wance za ta zo, zan ɗauki hutu, za mu kama gida kusa da asibiti. Wanda bai yi ba zai ce Allah zai kawo mafita, ya canja zance.

Na biyu, ki duba gidansu. Ni abin da ya taimake ni, mahaifiyata malamar makaranta ce, na tashi ina ganin babana yana ɗora ruwan shayi. Amma ko da haka sai da muka sha fama da 'yan uwana mata. Shekarar farko suka ce ta mallake ni. Ranar sunan ɗan yayata tana kan aiki ba ta zo ba sai bayan la'asar, da rigar asibiti a cikin jaka, aka ƙi amsa gaisuwarta. A daren na je na samu Hajiya na ce, ni na ce ta je, in akwai laifi nawa ne. Daga ranar maganar ta mutu. Matar da take aiki irin naku ba ta iya kare kanta a wajen dangin miji, duk abin da ta faɗa rashin kunya ne. Mijin ne zai tsaya a gaba.

Na uku, kuɗi. Ku yi maganarsa a fili. Albashinta nata ne, cefane da haya da makaranta nawa ne, haka muka tsara. Ita ta ga dama ta ɗauki albashin mai raino da man janareta. Na san gidajen da miji ya yarda da aikin don ya riƙe katin cirar kuɗinta. Wannan ba goyon baya ba ne.

Zan kuma gaya miki abin da yake nata ɓangaren, don kada a ce na yi son kai. In ta dawo daga kwana ta yi barci ta tashi, wayar asibiti tana ajiye ta, ranar tamu ce. Ba ta taɓa kiran kanta Dakta a gidanmu ba, ko a gaban ƙannena. Akwai dararen da na ji kaɗaici, ba zan ɓoye ba, musamman shekarar da take shirin kashi na biyu, tana gida amma kanta yana cikin littafi. Na daure don na san ranar ƙarewarsa, kuma ta ƙare.

Hadiza ta Maraɗi

Sannunku 'yan uwa na Najeriya. Mu ma nan haka abin yake. Ni ungozoma ce, da aka tura ni aiki wani ƙauye wajen Dakwaro, mai neman aurena ya ce in zaɓa. Na zaɓi aikin, na yi kuka wata guda. Bayan shekara biyu na auri malamin lakwal, wato makarantar boko, na garin da aka tura ni, wanda ya fara ganina da safar hannu da jini har gwiwar hannu. Bai taɓa tambayata me ya sa na yi dare ba, don ya san dalilin tun kafin ya san sunana. Ban ce kowa haka zai samu ba. Amma wanda ya gan ki a bakin aiki ya so ki, ya bambanta da wanda ya gan ki a wajen biki.

Dakta Umman Yasmin

Ƙanwata, ni na riga ki a hanyar nan, na gama nawa horon. Abu ɗaya zan ƙara wanda ni da ke muka sani a littafi amma muke mantawa a kanmu. Kada ki ce sai kin gama sannan ki saurari kowa. Ke kike gaya wa mata a ɗakin awo cewa samun ciki yana raguwa bayan 35, hawan jini da ciwon sukari na ciki suna ƙaruwa. Gwaggonninki ba su iya faɗa ba ne, amma ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. Ki bar ƙofa a buɗe, aure da horo suna tafiya tare in an dace da mutum. Ni 'ya'ya biyu na haifa a cikin horon. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana da hutun haihuwa, maza ma tun 2021 an amince musu da kwana 14, Jihar Kaduna kuwa wata shida take ba ma'aikatanta mata. Hutun zai ja miki lokacin jarrabawa baya, ni wata shida ya ƙara min kowane ciki, ban yi nadama ba.

Kuma kada ki ƙuntata wa kanki cewa sai likita ɗan uwanki. Likita biyu a gida ɗaya, in kwanansu ya haɗu, yara a hannun wa? Kada kuma ki rufe ido ga wanda ya taɓa aure in mutumin kirki ne. Ki gaya wa Baffa da yayyenki maza irin wanda kike nema, su ne suke zama da maza a masallaci da majalisa, sun san wanda yake ɗaukar ɗansa ya kai asibiti da kansa.

Shugabar Zaure

Tunatarwa: an kawo min ƙorafi cewa wasu sun fara bin Dakta ta akwatin sirri. Shawara ta nema. Mai magana ya yi ta a nan kowa ya gani, wanda aka sake kamawa za a cire shi.

Dakta 'Yar Gwale

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri kwana uku ban leƙo ba, kwana biyu a jere na yi a asibiti.

Ranar Juma'a bayan la'asar na je wajen Baffa na zayyana masa komai. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce Abba kafin ya rasu ya damƙa masa amanar karatuna, har shi Baffa filinsa na gado ya sayar a shekarar da kuɗin makaranta ya gagara, abin da ban taɓa sani ba sai ranar. Na yi kuka sosai. Ya ce ba zai aurar da ni a kan maganar da ba a warware ba.

Jiya Baffa ya kira mai neman aurena, da kawunsa, aka zauna a zaure, ni ina daga ciki. Baffa ya yi masa tambayoyin da Baban Biyu ya lissafo, kusan ɗaya bayan ɗaya, don na karanta masa su daga waya. Ya amsa da gaskiyarsa, ina girmama shi a kan haka. Ya ce yana so na, amma ba zai iya zama da matar da take kwana a waje ba, ko da shi ya iya, mahaifiyarsa ba za ta iya ba, kuma ba ya so ya ɗauki alkawarin da zai saɓa. Baffa ya ce Allah ya yi masa albarka da bai yaudare mu ba. Aka yi addu'a aka tashi. Yau da safe ƙanina ya mayar musu da kayan na-gani-ina-so.

Umma ba ta yi min magana ba tun jiya. Da zan fito aiki dai na tarar ta zuba min kunun gyaɗa a fulas ta ajiye a kan jakata. Zuciyata babu daɗi, shekara biyu ba kwana biyu ba ce, ku sa ni a addu'a.

Anti Umman Yasmin, na gaya wa Baffa da Yaya abin da kika ce, Baffa ya ce in bar masa. Allah ya gafarta Malam, in lokacin ya zo Baffa yana so a haɗa shi da wanda zai tsara lafazin sharaɗin yadda kuka yi bayani, zan nemi Shugaba ta isar da saƙon. Hajiya, Umma tana jin maganar manya irinku, in kin yarda ina so ku gaisa ko ta waya ce.

Hajiya Nas Mai Ritaya

Na yarda, 'yata. Ba ta waya ba, da ƙafata zan zo. Ki ba Shugaba kwatancen gidan, ranar Lahadi bayan azahar in Allah ya kai mu.